Rigar da Ba a Wanke Ba

Kun zo kun same ni ku uku, kowa da waya a hannu, wai za ku buɗe shagon kula da karnuka a GRA, in ba ku sirrin sana'ar kafin la'asar. Ɗayanku har ya nuna mini hoton wata kwalba, ya ce ƙwaya ɗaya ake cusa wa kare a tuwo ya yi tsit. To, na ji. Ni sunana Rabe, shekara arba'in da 'yan kai ina bin karnukan mutane a garin nan na Katsina, kuma har yau ban ga kwalbar da ke maganin kewa ba. Ku ajiye wayoyin ku saurara. Wanda ke sauri a cikinku, ga hanya nan.

Aikin farko da maigidana Baba Mani ya ba ni, zama ne. Tsohon mafarauci ne a Ƙofar 'Yandaka, ciwon ƙafa ya raba shi da daji, ya koma duba karnukan ma'aikata. Ya kai ni bayan katangar wani gida ya ce in zauna in ji abin da karen ciki ke cewa. Na wuni a wurin, na dawo na ce masa haushi yake yi. Ya ce madalla, ashe ina da kunne, in koma gobe. Wata guda cur ina komawa, bai bar ni na taɓa ko igiya ba. Sai da na iya bambanta haushin baƙo, wanda ke fitowa daga ƙirji gajere-gajere, da haushin yunwa, wanda ake jin ƙarar kwano a tsakaninsa, sannan ya koya mini na uku. Kukan kewa dogo ne, siriri, yana hawa sama, sai karen ya tsaya cak ya kasa kunne ko wanda yake kira ya amsa. In bai ji kowa ba ya sake ɗauka. Baba Mani ya ce wannan tsayawar ita zan riƙa nema, duk sauran hayaniya ce.

Jakar da ya bar mini ita ce waccan da ke rataye, kuma abin da ke ciki bai canza ba. Ƙashin ƙafar saniya daga wurin mahauta, mai ɓargo, don karen da ke tauna ba ya kuka. Ƙaramar rediyo, wadda ake kunnawa ƙasa-ƙasa a tashar da mutane ke hira, ba tashar kiɗa ba. Dogon tsumma da ake naɗe wa kare ƙirji da shi, ya kama jiki amma yatsa biyu su shiga, haka mafarauta ke yi wa ɗan kwikwiyon da ke tsoron tsawa. Igiya. Sai sabulu da riga ta daban ta yin salla, don ni Musulmi ne, na san hukuncin yawun kare ba sai wani ya karanta mini ba. Babu sanda a jakar. Duk wanda kuka gani ya shiga gidan mutane da sanda yana kiran kansa mai horar da kare, ku nuna masa hanyar kasuwar jakai.

Akwai wata likita da na yi wa aiki a GRA, tana da karya fara wadda ta cinye ƙasan ƙofar falo kaf. Na zauna na lura, sai na ga karyar ba ta jira a fita. Da likitar ta ɗauki makullin mota jikinta zai hau ɓari. Na ce ta riƙa ɗaukar makullin tana komawa ta zauna ta sha shayi. Ta ɗauka ta shiga kicin. Ta ɗauka ta kwanta. Sau ashirin a wuni. Ta dube ni ta ce ko na ɗauke ta mahaukaciya ce. Na ce a'a, karyar ce ta haddace makullin, so nake ta manta. Daga nan muka koma fita: ta fita ta dawo nan take, ta fita ta ƙirga goma, ta fita ta zaga gida. Ba magana wurin fita, ba murna wurin dawowa. Kwana goma sha biyu muka yi, sannan ta iya tafiya asibiti ta dawo ta tarar da sabuwar ƙofarta lafiya.

Ita dai ta ji magana. Yawancin masu karnuka ba sa ji. Wani in ya dawo ya tarar an yi masa ɓarna sai ya zare bel, karen ya koyi cewa tafiyar maigida masifa ce, dawowarsa ma masifa ce. Wani ya sayo kare na biyu wai su ɗebe wa juna kewa, ya wayi gari da masu kuka biyu. Su ne kuma in sun gamu da ni a wurin ɗaurin aure sai hannunsu ya maƙale a aljihu, kada su gaisa da Rabe na karnuka. In kare ya hana su sakat kuwa, su aiko direba ya shigo da ni ta ƙofar baya. Ban taɓa damuwa ba. Ƙofar baya ta fi ta gaba faɗin gaskiyar gida.

Shekarar da ta fi kowace muni a wurina ita ce wadda soja suka miƙa mulki suka koma bariki, wannan ta ƙarshen. Gari yana murna, ni kuwa rabin masu kirana suka kwashe kaya cikin 'yan makonni. Hafsan soja zai loda kujeru da firiji har da tukwanen fulawa a babbar mota, ya bar kare ɗaure a gindin mangwaro, ya ce zai aiko a ɗauka. Ba wanda ya taɓa aikowa. Sababbin masu mulki suka shiga gidajen, mutanen cikin gari waɗanda ba su taɓa kwana gida ɗaya da kare ba. In ka bi layin GRA da hantsi, daga kowane gida kuka ne ke tashi. Kun san abin da mutanenmu ke cewa in kare ya ɗaga kai sama yana wannan dogon kukan: wai mutuwa yake kira wa gidan. A damina ɗaya na binne karnukan da na sani da sunayensu fiye da waɗanda na warkar, dukansu da nama mai guba aka gama da su.

A cikin wannan shekarar, ranar wata Asabar, aka kira ni gidan wani Alhaji da ya ci zaɓen majalisa. Ba zan faɗi sunansa ba, ɗan kasuwa ne daga cikin birni. Gidan na wani Manjo ne a da, kuma ya bar kare irin na 'yan sanda, ƙato, baƙi da ruwan ƙasa, sunansa Saje. Na tarar da shi ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa, bakinsa duk jini. Kafin ni an kira wani saurayi mai takardar shaida, irinku, ya ɗura masa ƙwaya. Karen ya kwana biyu yana tangaɗi, ya farka ya ɗora kukansa daga inda ya tsaya. Ƙwaya tana da ranarta, in likitan dabbobi na gaske ya duba ya auna. Amma barci daban, kwanciyar hankali daban.

Alhaji ya fito cikin babbar riga, yaransa na siyasa biye da shi, ƙarti masu gemu da ba su da aiki sai zama gindin mangwaro. Na durƙusa na gaishe shi.

Ya ce, "Kai ne Raben? To ka ji. Mahaifiyata na ciki ba ta da lafiya. Tun da muka tare wanga kare ke kuka, ta ce ita yake kira ma mutuwa, ta daina cin abinci. Ni ban son in kashe shi, an ce mani kare ne mai tsada, kuma gida irin wanga ba kare abin kunya ne. Na ba ka zuwa Juma'a. In na fito tahiya masallaci na ji kukanshi, an gama."

Na ce, "Ranka ya daɗe, kwana shida sun yi kaɗan."

Ya ce, "Sun ishe ka." Ya shige mota.

In ɗauke karen ba hali, ɗaki ɗaya nake haya a cikin gari, kuma ba wanda zai karɓi kare mai kukan mutuwa ko da kyauta. Yaran Alhaji suka ce ai kewar Manjo yake yi, har sun jefa masa tsohon takalmin soja da aka bari a sito. Na duba, ga takalmin can a yashe, ko shinshina shi bai yi ba. Na yi abin da aka koya mini, na nemi inuwa na zauna. Ranar Lahadi na zo tun da sassafe. Saje bai ko kalli babbar ƙofar da Manjo ke fita da mota ba. Ƙaramar ƙofar ƙarfe ta baya, ta wajen lambu, ita ya je ya zauna a gabanta shiru, kunnuwa a tsaye. Sai da ƙarfe bakwai ta wuce ba wanda ya shigo, sannan ya fara. In ya gaji ya ciji ƙarfen ƙofar, ya je gindin wani lemo ya kwanta a ramin da ya tona. Na zaga na tambayi maigadin gidan maƙwabta wane ne ke shigowa ta nan da bakwai. Ya ce Malam Dikko gadina, shekara shida yana aikin lambun, Alhaji na tarewa ya sallame shi ya ba wani ɗan uwan magoyin bayansa aikin. Na ga sabon gadinan ma, yana ba fulawa ruwa da tsakar rana.

Na nemi Alhaji ya mayar da Malam Dikko bakin aikinsa. Ya aiko mini cewa wanda ya sha rana a layin zaɓe shi zai ci aikin lambu, in tsaya a kan kare.

Litinin bayan azahar na tafi Ƙofar Sauri, unguwar da maigadin ya ce yake zaune. Na tarar da Malam Dikko a kan tabarma ƙofar masallacin unguwa, cikin dattawa. Ashe shi ne ladaninsu. Dogon tsoho ne siriri, mai farin gemu. Muka gaisa, lafiya da iyali da gajiya da ruwa, har muka kai ƙarshe muka sake daga farko. Sannan na yi wauta, na faɗi abin da ya kawo ni a gaban jama'a.

Ya tsuke fuska ya ce, "Kare? Ni mi ya haɗa ni da kare? Hulawa nike ba ruwa, ɗan nan. Ka yi ɓatan kai."

Dattawan suka ɗan janye ƙafafunsu daga inda nake. Na ba da haƙuri na tashi. Amma Bakatsine ba ya barin baƙo ya tafi ba rakiya, ko da korarsa ya yi. Ya biyo ni, muka wuce lungu ɗaya, muka wuce na biyu, sai da ya waiga ya ga ba kowa, ya rage murya.

"Shina cin abinci?"

Na ce ba ya ci. Na gaya masa zancen Juma'a. Ya tsaya yana jan gemu. Na ce abu ɗaya nake so, rigarsa, in shimfiɗa wa karen ya ji ƙamshinsa. Ya ce in dai wannan ne, gobe za ta same ni.

Ta kuwa same ni. Riga fara sol, an wanke, an sa bula, an sa sitaci, an goge har tana ƙyalli, an turara ta da turaren wuta, an ninke cikin jarida. Laifina ne da ban yi masa bayani ba, na manta dattijon kirki ba zai aika da riga mai datti gidan babban mutum ba. Saje ya shinshina, ya yi atishawa, ya koma bakin ƙofarsa. Talata ta tafi a banza.

Na koma da la'asar na tare Malam Dikko shi kaɗai. Na ce, "Malam, wadda ka wuni da ita nake so. Mai gumi. Wadda ba ta ga ruwa ba."

Ya ja da baya ya ƙare mini kallo. Ya ce, "Rabe, ka san abin da kake cewa kau? In cire riga da gumina in ba ka, ka kai gidan ɗan siyasa? Ka san mi ake yi da gumin mutum?"

Na sani sarai. Kada ku yi masa dariya, ku da kuke ba kowa hotonku. A garin nan mutum ba ya barin aski ko farce ko rigar da ya yi gumi a ciki ta faɗa hannun wanda bai yarda da shi ba, don da su ake yi wa mutum asiri. Kuma a shekarar nan gidajen 'yan siyasa cike suke da masu duba da masu binne-binne. Na yi rantsuwa, ya ce bai ƙaryata ni ba, amma ni ba a gidan nake kwana ba. Daga ƙarshe ya ce shi zai zo da kansa.

Laraba da bakwai ƙaramar ƙofar ta buɗe. Na zaci Saje zai tashi ya kayar da tsohon. Ina! Ya sheƙo da gudu, saura taki ɗaya ya ci birki, ya kwanta, jikinsa duka yana rawa, yana wani ƙaramin kuka kamar jariri. Malam Dikko ya ɗauki manjagara ya juya ta, ya riƙa sosa masa baya da ƙotar. Ashe shekara shida haka suke, bai taɓa sa masa hannu ba, karen kuma ya san iyakarsa. Manjo yana can yana mulki, wannan tsohon ne ke wuni da shi, yana shara yana ba shi labarin tsadar gero da ciwon gwiwa, yana jefa masa sauran ƙosai. Ranar Saje ya share kwano biyu.

Da azahar ta matso na ja tsohon gefe na ce, "Malam, in za ka tafi, ka fita kamar za ka ɗauko bokiti. Ba magana, ba waige."

Ya ce ya ji. Ya jingine manjagara, ya kai bakin ƙofa, ya sa ƙafa ɗaya waje. Sai ya juyo.

"To Saje, ni zan tahi. A yi haƙuri, ka ji? Duniya ce. Ka ci abincinka. Ka bar damun mutane. In Allah ya kai mu, muna sake ganawa. Sai wata rana, Saje. Allah shi tsare. To. To. Sai na dawo."

Sau uku yana fita yana leƙowa ya ƙara wata. Da kowace kalma ina ganin karen yana miƙewa, kunnuwa suna kwanciya. Ƙofar na rufewa ya saki wani kuka da ban taɓa jin irinsa ba, ya daki ƙarfen da ƙirji har sau huɗu. Daga cikin gida na ji salatin mata. Aka ce Hajiya Babba, mahaifiyar Alhaji, ta ce a kira mata 'ya'yanta ta yi musu wasiyya. Alhaji ya aiko direba kasuwa ya sayo nama, aka sa a firiji, aka nuna mini ƙullin gubar. Abin da ya hana a ba karen a ranar, Alhaji ya riga ya ce Juma'a a gaban yaransa, ba ya so a ce ya canza magana.

Na bi tsohon na cim masa a hanya, raina a ɓace, na faɗa masa abin da ba a faɗa wa sa'an uba. Na ce, "Malam, ba guba ce za ta kashe karen nan ba, sallamarka ce. Kai kana ganin ladabi kake yi, shi kuwa sanarwa kake yi masa cewa an sake yashe shi."

Ya ce, "To in hita kamar ɓarawo? Tun da aka haihe ni ban taɓa barin wuri ban yi sallama ba."

Na ce, "Gobe za ka fara."

Alhamis na zo tun ana fitowa sallar asuba. Na sa wa Saje igiya na zaga da shi layin GRA har harshensa ya zazzago. Na naɗe masa ƙirji da tsumma, na shimfiɗa buhu a gindin lemon, na ajiye ƙashi, na kunna rediyo. Malam Dikko ya shigo da bakwai. Na ce ya yi shara kaɗan, ya fita, ya dawo nan take, ya ɗauki manjagara kamar ba abin da ya faru. Ya yi. Karen ya zabura, kafin ya buɗe baki tsohon ya dawo. Muka sake. Ya fita ya ƙirga goma. Ya fita ya ƙirga talatin. Duk fita sai na ga leɓensa yana motsi, yana haɗiye sallamar da ƙyar. Abin da na yi da likita a kwana goma sha biyu shi nake so in dunƙule a wuni ɗaya, kuma na san ba haka ake yi ba.

Yaran Alhaji suka baro gindin mangwaro suka zo kallo. Dattijo mai furfura yana shiga yana fita a ƙofa ɗaya ba ya ce wa kowa uffan, ai sun sami abin dariya. Ɗaya daga cikinsu ɗan Ƙofar Sauri ne, ya ɗaga murya ya ce, "A'a, wannan ba ladanmu ba ne? Malam, ashe nan kake kiran salla yanzu?" Suka fashe. Malam Dikko ya ji. Ya san kafin magariba zancen ya riga shi isa unguwa. Na ce a raina shi ke nan, zai ɗauki hularsa. Ya gyara tsayuwa, ya dube ni ya ce, "Nawa zan ƙirga yanzu?"

Na daina lissafin fitarsa tun kafin azahar. Muka yi salla muka ci gaba. Wajen la'asar yana iya yin minti ashirin a waje, Saje yana kwance yana fama da ƙashi, sai dai ya ɗaga kai ya dubi ƙofa. Amma minti ashirin ba wuni ba ne, mu biyun duk mun sani. 'Yar cikin tsohon ta jiƙe sharkaf, ta manne masa a baya. Ya daɗe yana kallon buhun. Sannan ya zaga bayan lemon, ya cire ta, ya mayar da babbar rigarsa a kan tsurar jiki. Ya miƙo mini ya ce, "Rabe, amana ce." Na shimfiɗa ta a kan buhun. Ya nufi ƙofa, ya fita, bai waiga ba.

Saje ya miƙe. Ya saki kuka ɗaya siriri, ya tsaya ya kasa kunne. Ya juyo ya shinshina rigar, ya zaga ta sau biyu, ya kwanta ya tusa hancinsa a hammatarta.

Da na fito na tarar da Malam Dikko can bakin titi, nesa da inda kare zai ji, ya fuskanci katangar gidan yana yin sallamarsa ƙasa-ƙasa, tun daga a yi haƙuri har zuwa Allah shi tsare. Na tsaya har ya gama.

Juma'a Alhaji ya fito da zugarsa, gida shiru sai rediyo. Hajiya Babba ta sha kunu. Naman firiji aka wanke aka yi miya da shi, tunda ba a riga an barbaɗa komai ba. Alhaji ya shaida wa baƙinsa cewa wani malami da ya ɗauko daga ƙauye ne ya ɗaure bakin karen. Ni ko sannu ban samu ba, kuma na ji haushi, har yau in na tuna ina ji.

Aikin bai ƙare nan ba, a nan ne ma irinku ke tattara kaya su tafi. Ƙamshi yana gushewa. Duk Alhamis sai in je Ƙofar Sauri in karɓo wata 'yar cikin da ya wuni da ita, in mayar masa da tsohuwar, wadda na wanke da hannuna sau bakwai, ɗaya da ƙasa. Na tilasta wa sabon gadina ya riƙa ba Saje abinci da kansa yana yi masa magana, ko zagin gwamnati ne. Sannu a hankali na riƙa janye rigar: ta wuni, ta koma rabin wuni, ta koma awa ɗaya. Wajen wata uku na ɗauke ta gaba ɗaya. Na zauna bayan katanga kwana uku ina saurare. Saje ya yi wa mai tallar gawayi haushi, ya yi wa akuya, bakwai ta yi ta wuce bai je bakin ƙofa ba. Ya warke. A sana'ar nan warkewa ke nan, kare ya daina jira.

Na tafi in gaya wa Malam Dikko. Ban same shi a ƙofar masallaci ba, wani ne ke riƙe da lasifika. An ce wa tsohon ya huta, wai muryarsa ta gaji. Kowa ya san ba muryar ba ce. Na same shi a zauren gidansa, ga 'yar ciki ya riga ya ninke cikin leda yana jirana.

Na ce, "Malam, an gama. Ba ya bukatarta."

Ya ce, "Bai yi kuka ba?"

"Ko sau ɗaya."

"Ko da bakwai ta yi?"

"Barci ma yake yi."

Ya ce, "Alhamdu lillahi." Ya sake cewa. Ya dubi ledar ya ce, "To wagga hwa?"

Na ce, "A wanke ta, Malam."

Ya tashi ya yi mini rakiya, ledar tana hannunsa. Muka wuce lungun da ya saba tsayawa, muka wuce ƙofar gari, na ce ya koma haka nan, ya ce bari dai ya ɗan taka. Sai da muka kai inda ake hango itatuwan GRA. A nan ya tsaya cak, ya karkata kai, ya kasa kunne. Motoci suna wucewa, wani yana tallar rake. Daga wajen gidan ba abin da ya taso. Ya daɗe a haka.

Na san wannan tsayawar, ita Baba Mani ya zaunar da ni wata guda in koya. Na laluba jakata a zuci, ƙashi da rediyo da tsumma da igiya, ban ga abin da zan ba shi ba. Tausayinsa ya kama ni har na kasa yi masa sallama.

To kai mai kwalba, miƙo wayar in gani. Duba mini a ciki, ƙwaya nawa ake ba dattijo.